Talotalo ya narke tun Lahadi, banda sai Alhamis

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ku raba mu gardama ni da maigida. Mun sayi talotalo a shagon halal nan Greensboro, Amurka, kilo 5 da 'yar ɗoriya, a daskare kamar dutse. Ranar Alhamis da ta wuce na fitar da shi daga firiza na sa a firji, a zatona sai ya yi mako guda kafin ya saki. Yau Lahadi bayan magariba na taɓa shi na ji ya yi laushi tiɓis. Yi masa banda kuwa sai Alhamis mai zuwa, ranar hutun Godiya, wato bikin Thanksgiving na Amurkawa, ranar da baƙi za su zo. Baban Iman ya ce a bar shi inda yake, kwana 4 ba komai ba ne, tunda hayaki da wuta za su kashe duk abin da ke jikinsa. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Kawu Mai Tukuba: Wa alaikumus salam ɗiyata. Mijinki ya fi ki gaskiya. Kafin in zo ƙasar nan bandar nama ce sana'ata a Maradi, ba firji ba ƙanƙara, kuma naman da ya sha hayaki yakan yi watanni a rataye ba abin da ya same shi. Ranar Alhamis ki sunsuna. In bai yi wari ba, bai yi yauƙi ba, ki ce bismillah. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Baban Walid: Allah ya ƙara girma Kawu, amma a nan mudun ake so. Ni a kicin ɗin otal nake aiki, kuma abin da aka koya mana shi ne abin da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta rubuta: talotalon da ya narke a firji, kwana 1 zuwa 2 yake da shi kafin a dafa. Lissafin narkewar ma a bayyane yake, kwana guda ga kowane kilo 2 ko ɗan fiye. Shi ya sa na Maman Iman ya saki cikin kwana 3. Da Litinin ta fitar da shi da ba mu zo nan ba.

Maman Iman: Kai dai bari, Baban Walid. Gudun kada ranar ta zo yana da ƙanƙara a ciki ne ya sa na yi garaje.

Anti Zulai: Ni fa ban yarda da kwana 2 ɗin nan a matsayin doka ba. Kamfanin talotalo na Butterball, wanda hedkwatarsa ma a jiharku ta North Carolina take, ya ce talotalon da ya narke zai iya yin har kwana 4 a firji. Su da suke yanka miliyoyi ba su san abin da suke faɗa ba ne? Ba nasu muke saya ba saboda maganar yanka, amma nama ai nama ne. Lahadi zuwa Alhamis kwana 4 cif.

Baban Walid: Gaskiya ne Anti, sun faɗi haka. Amma ki karanta sharaɗin da suka gindaya: sai in firjin yana digiri 4 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, wato 40 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan. Kuma suna magana ne a kan nasu, wanda aka daskarar tun a masana'anta aka like ledarsa. Na shagon unguwa wa ya san kwana nawa ya yi kafin a jefa shi firiza? Sannan firjin gidan da ke da yara, a makon biki, ana buɗewa ana rufewa, an cusa masa zoɓo da miya da kunun aya, da wuya ya tsaya a 4.

Anti Zulai: To yanzu kuma firjin mutane za ka zarga.

Hajiya Babba: Ku tsaya tukuna, kuna ta gardama ba wanda ya tambayi abin da ya kamata. Maman Iman, tashi ki wanke hannu ki zura shi cikin cikin tsuntsun. Akwai 'yar jaka da suke cusa hanta da ƙundu da wuya a ciki. In kin ji ta manne, ko kin ji ƙanƙara tana ƙaras-ƙaras a jikin haƙarƙari, to bai gama narkewa ba, lissafinki bai ma fara ba. Sau da yawa waje ya yi laushi ciki yana nan daram.

Maman Iman: Na duba Hajiya. Jakar ta fito salin alin, ba ko ɗigon ƙanƙara. Cinyoyin ma suna lanƙwasuwa yadda nake so. Ruwan jini-jini ya taru a farantin da na ɗora shi, har ya kusa taɓa robar latas da ke gefe.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Fara ɗauke latas ɗin nan, ki mai da tsuntsun can ƙasan firji cikin roba mai zurfi.

Kawu Mai Tukuba: Duk na ji, amma ba wanda ya amsa mini maganata. Wuta tana kashe cuta ko ba ta kashewa?

Baban Walid: Tana kashewa Kawu, amma bandarku da tasu ba ɗaya ba ce, nan ne aka rabu. Ku da safe ake yanka, kafin azahar an fede an yanyanka sala-sala, an barbaɗa gishiri, an baza a kan tukuba. Abin da ke tsare naman ku bushewa ce, ruwan jikinsa ya ƙone, ƙwayar cuta ta rasa wurin zama. Haka kilishi yake, haka kyafaffen kifin Baga yake. Shi kuwa tandun bandar da Baban Iman ya saya, ba busarwa yake yi ba. Tsuntsu ne sukutum da ruwansa, a wuta mai sanyi-sanyi, digiri 107 zuwa 150, ya kwashe awanni yana ɗumama a hankali. Tsakanin digiri 4 da 60 kuwa shi ne inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasu kan ninka yawansu cikin minti 20. In tsuntsun ya shiga da kaya masu yawa, ya samu lokacin ƙara su kafin zafi ya kai tsakiya. Dalilin ke nan da ya sa ma'aikatar ta ce wanda za a yi wa banda sukutum kada ya wuce laba 12, kusan kilo 5 da rabi, kuma kada a cusa masa shinkafa ko burodi a ciki. Na Maman Iman yana bakin iyaka.

Kawu Mai Tukuba: Amma a ƙarshe zafin yana kai wa tsakiyar.

Baban Walid: Yana kai wa, in aka bar shi har ma'auni ya nuna 74 a tsokar ƙirji da cikin cinya. Wannan zai kashe salmonela, ƙwayar cutar da ake samu a ɗanyen naman tsuntsu. Sai dai akwai ƙwayar da ke barin dafi a jikin nama, irin wadda ke zama a hannu da hancin mutane, ita ta mutu dafin ya tsira daga wutar. Kuma maganar sunsunawa, masu sa wari daban, masu sa amai da gudawa daban. Nama na iya ƙamshi lafiya lau ya kwantar da gida guda.

Maman Sadik: Ni a Minnesota nake, jihar da ta fi kowace kiwon talotalo. Daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2019 an yi ɓarkewar salmonela daga ɗanyen talotalo, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 358 a jihohi 42. Abin ba wasa ba ne.

Anti Zulai: Maman Sadik, wannan ai ba hujjar kwana 4 ba ce. Waɗancan tsuntsayen da cutarsu suka zo tun daga tushe, ko ranar da kika saya kika taɓa ba ki wanke hannu ba za ta kama ki.

Maman Sadik: Na yarda. Abin da nake nufi, ki ɗauka kowane ɗanye yana ɗauke da ita, kada ki ba ta kwanakin kyauta. Ni dai a gareji nake ajiye nawa in firji ya cika.

Baban Walid: Garejin Minnesota mai tsananin sanyi daban, na Greensboro daban. A Nuwamba da rana a nan sai a kai digiri 15. Kada ma Baban Iman ya ji wannan shawarar.

Maman Iman: Ya riga ya ji, yana leƙen wayata. Ya ce a gaya wa Kawu yana gaisuwa kuma yana bayansa.

Baban Walid: To tunda yana kusa, ya ɗauko ma'aunin zafin da ya zo da tandun. Ya soka a cinyar tsuntsun ya gaya mana. Sannan ya sa shi cikin kofin ruwan da ya daɗe a firjin, shi ne zai nuna ainihin sanyin firjin.

Maman Iman: Cinya ta nuna 3. Ruwan gorar da ke saman firji ya nuna 7. Maigida ya yi shiru.

Anti Zulai: To, 7 kam ko ni na janye. Amma fa da 4 ya nuna da ina nan kan bakana.

Baban Walid: Alhamdulillahi naman bai ɗumama ba tukuna, sanyin jikinsa ne ya riƙe shi. Hanya biyu gare ku. Abin da ya narke a firji ana iya mayar da shi firiza ba tare da an dafa ba, illa dai zai ɗan rasa ruwa. Ku datsa shi yau da dare, cinyoyi daban, ƙirji daban, fukafukai daban, don ya daskare da wuri ya kuma saki da wuri. Talata da dare ku mayar firji bayan kun ƙara masa sanyi kun rage lodi, Laraba ku shafe shi da gishiri da yaji ko ku jiƙa a ruwan gishiri, a cikin firji ba a kan teburin kicin ba, Alhamis da safe a hura gawayi. Ko kuma ku yi bandar gobe ko jibi, ku yanyanka ku sa a firji kafin awa 2, dafaffe yana kwana 3 zuwa 4, ranar baƙi a ɗumama har 74. In lokaci ya ƙure yana da sauran ƙanƙara, a nutsa shi da ledarsa a ruwan sanyi ana canjawa duk rabin awa, amma wanda aka narkar haka ba ya komawa jira, wuta kai tsaye.

Hajiya Babba: Ni ta farko na fi so. Naman da aka ɗumama ba ya yi wa baƙo kwarjini.

Baban Walid: Kuma kada a wanke shi a famfo, fallatsin ruwan ke raba cuta a kicin.

Hajiya Babba: A'a, nan kuma ka tsaya ɗana. Ni ban taɓa dafa naman da ban wanke ba, kuma ba a kan talotalo zan fara ba. A babbar roba nake yi a hankali, in gama in bi wurin da sabulu da ruwan zafi.

Baban Walid: Na bar wa Hajiya wannan, ba ni da ƙarfin gardama biyu a dare ɗaya.

Kawu Mai Tukuba: Ku yi ta aune-aunenku. Amma tunda za a datsa, ɗiyata, ki ware mini fukafukan. Zan zo Laraba in nuna wa mijinki yadda ake banda ta gaskiya, a gani ko za su kai sabuwar shekara.

Maman Iman: An gama Kawu. Yanzu sauran rigimar maigida, ya ce shi sukutum yake so ya ɗauki hoto ya tura wa 'yan uwansa a Zinder. Ga shi can dai yana wasa wuƙa yana ƙunƙuni.