Musayar Waƙa a Kan Marata da Daular Mugal

Almajirin Tarihi ya buɗe fage:

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, 'yan'uwa,
Zan waƙe Marata na Indiya, manoman gero da dawa.
A 1630 aka haifi Shibaji, jagoran Marata, a ganuwar Shibneri,
Uwarsa Jijabai ta rene shi a kan ƙin sunkuyawa.
Yana ɗan shekara 16 ya karɓe ganuwar Torna,
Sarkin Bijapur ya ji labari, barci ya ƙi zuwa.
A 1659 Bijapur ta turo Afzal Khan da runduna,
Suka haɗu cikin rumfa a gindin Paratapgar don tattaunawa.
Shibaji ya zo da sulke a ƙarƙashin riga, da faratan ƙarfe a tafin hannu,
Afzal Khan bai koma gida ba, nan ya gamu da mutuwa.

Malama Mai Baiti ta amsa:

Malam, na karanta baitinka, amma ban gamsu ba,
Domin ka yabi jarumta, ba ka ambaci ɓarna ba.
A 1664 Shibaji ya afka wa Surat ta daular Mugal, tashar da alhazai ke hawa jirgin ruwa zuwa Makka,
Ya kwashe dukiyar fatake, wuta kuma ba ta bar gidaje ba.
Dakarun Marata kan nemi kashi ɗaya cikin huɗu na harajin ƙasa,
Garin da ya ƙi biya bai kwana lafiya ba.

Dattijon Zaure ya shiga:

'Yata, kin faɗi gaskiya, kuma zafin talaka na damu na,
Sai dai kada mai karatu ya ɗauka faɗan addini ne zalla.
Jai Singh, wanda ya ja rundunar Aurangzeb Sarkin Mugal, mai bin addinin Hindu ne,
Shi ya tilasta wa Shibaji miƙa ganuwa 23 a 1665, ya sha wahala.
Daulat Khan kuwa Musulmi ne, yana jagorantar jiragen ruwan Shibaji,
Abin da suka yi jayayya a kai shi ne ƙasa da haraji da daula.

Almajirin Tarihi ya dawo:

Baba, na karɓi gyara, Malama, ban musa miki ba, bari in ƙarasa.
An tsare Shibaji a Agra a 1666, ya sulale ya koma ƙasarsa,
A 1674 aka naɗa shi sarki a Raigad, a 1680 ya cika kwanansa.
Aurangzeb ya sauko Dakkan, yankin kudu, da kansa a 1681, da giwaye da igwa,
Ya kama Sambaji ɗan Shibaji a 1689, ya sa aka kashe shi, yana zaton ya gama da gidansa.
Rajaram ƙanin Sambaji ya tsere kudu zuwa Jinji, ya riƙe ganuwa shekara takwas,
Da ya rasu a 1700, matarsa Tarabai ta ɗaura ɗamara ta ja mayaƙansa.
Sarkin Mugal kan yi watanni yana kewaye dutse guda har ya ci,
Da ya ɗaga sansani, mahayan Marata su dawo su karɓe a bayansa.
Shekara 26 ya yi a kudu bai sake ganin Delhi ba,
A 1707 ya rasu a Ahmadnagar, Marata na kai hari har kusa da tantinsa.