Murfin kabad ɗina ya tsage, banish kuma ya ƙi bushewa

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Ni ba kafinta ba ne, sha'awa ce kawai. Kayan aikin ma na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, shekara shida suna cikin akwati har zarton ya yi tsatsa, sai da na kwana uku ina gogewa. Wata huɗu ina haɗa kabad ɗin nan da daddare bayan na taso aiki, ga shi na riga na cika baki a gaban maiɗakina da ƙannenta, kullum sai an tambaye ni ina aka kwana. Na shafa mai, na bi da banish hannu biyu. Yau kwana 9, in ka ɗora yatsa sai ya kama, shatinsa ya zauna. Jiya kuma na tarar allon murfin dama ya tsage daga sama har kusan tsakiya. Ya zan yi?

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wane katako? Wane mai? Ba ka faɗa ba. Amma tsagewar na san dalilinta: ka bi allon da gam gefe huɗu ka matse shi cikin firam. Katako ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. A kwarmi ake zura allo, babu gam, a bar masa kamar milimita 2 kowane gefe ya yi ta motsinsa. Kai kuwa ka ɗaure shi, ya bushe, ya rasa inda zai ja, ya yage kansa.

Sabon Hannu:
Baba, don ya yi ƙarko na sa gam ɗin. Kuma mai katakon ya rantse min busasshe ne. Man linsid na shafa da yamma, washegari na bi da banish.

Uwar Biyu:
Rantsuwar mai katako? Hmm. Nima haka aka rantse min, durowa uku na kabad ɗina har yau sai na sa ƙafa na tokare nake jawo su. Na kira mutumin ya fi sau goma, ƙarshe ya daina ɗauka.

Baba Kafinta:
Washegari! To ga amsarka. Linsid ɗanye yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya kama jikinsa, kai ka rufe shi da ransa. Kankare duka, ka wanke da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ka bar shi ya sha iska. Ka goge da samfefa mai lamba 120, sannan 180, sannan 220, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi, kana bin tsawon katakon. Banish siriri-siriri, ciki da waje, tsakanin hannu da hannu ka ɗan bi da 320. Tsumman man kuma kar ka dunƙule su a lungu, suna iya kama wuta da kansu. Shanya su a waje.

Mai Fenti:
Baba, da girmanka, kankarewa ta yi yawa. Ya kai shi inda iska ke kaɗawa ya ba shi sati biyu, zai iya bushewa. Tsagar kuma garin zarto da gam, a cike, a goge.

Baba Kafinta:
Garin zarto zai sake buɗewa da zarar yanayi ya juya. Shekara 30 ina wannan aiki. Yaran yanzu ba mai son jira, nawa ma biyu sun gudu saboda na ce su sake gugar teburi.

Sabon Hannu:
Na gode, amma gaskiya ba zan iya kwance murfin ba, sati uku na yi a kansa. Kuma na hagun ai haka na yi shi, lafiyarsa ƙalau.

Baba Kafinta:
Tukuna dai.

Uwar Biyu:
Baba, ni durowar tawa fa? A fere gefen ko a shafa kyandir?

Sabon Hannu:
In na ɗora hannu na uku mai kauri a kai, ba zai rufe danƙon ba? Akwai sauran rabin gwangwani.