Kamarar waya za ta iya raba mana gardamar pinpon?

Na Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga masu buga pinpon da waɗanda suka san harkar kwamfuta. Muna da tebur guda a fadarmu, kafinta ya haɗa mana shi, kullum bayan la'asar ana bugawa har magariba, kuma wata mai zuwa muna son haɗa ƴar gasa da samarin unguwar Bagalam da na unguwar Ali Ɗan Sofo. Matsalarmu gardama, kuma abu biyu ne kullum, ko a ce ƙwallo ta goga bakin tebur wani ya ce a'a gefe ta taɓa, ko kuma sarbis, don akwai masu bugunta daga hannu ba su jefa ta sama ba. Na ji an ce yanzu akwai kwamfuta mai kallon bidiyo ta bi ƙwallo da kanta kamar VAR. In muka kafa waya a gefe za ta iya mana wannan aikin? Wallahi bana son zumunci ya ɓaci a kan maki guda.

Tsohon Arbit ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka ji gaskiya ne, hukumar pinpon ta duniya ITTF ta fara gwada duba bidiyo a Disamban 2019 a gasar Zhengzhou ta ƙasar Sin, suna ce mishi TTR. A wannan shekarar ne a gasar duniya ta Budapest anka yi rigima a wasan ƙarshe na mata biyu biyu, arbit ya ce sarbis ɗin ƴan Japan ya taɓa raga a sake, Ito da Hayata suna ta nuna mishi babban allo ya ƙi dubawa, ƴan Sin sunka ci kofin. Kafin nan ma a Olamfik ɗin Landan 2012 ƴar wasan Sin Ding Ning har kuka ta yi a wasan ƙarshe saboda makin da anka cire mata kan sarbis. To ka ga manya ma abin na damunsu.

Amma ku fara zama ku yarda da doka tukun. Ƙwallo ta zauna a buɗaɗɗen tafin hannu, a jefa ta sama a miƙe aƙalla santimita 16, sai tana saukowa a buge ta, kuma tun 2002 an hana ɓoye ta da hannu ko kafaɗa. In ƙwallo ta goga bakin tebur na sama ta shiga, in gefe ta taɓa ba ta shiga ba. Rabin gardamar da nake gani a unguwa rashin sanin wanga ne kawai.

Ɗalibi Dan Dicko ya amsa:

Yaya ni ɓangaren kwamfuta nake karantawa a jami'a, bari in faɗa maka inda waya za ta iya da inda ba za ta iya ba. Bidiyo hotuna ne jere, waya tana ɗaukar 30 a sakan ɗaya in ba ka canza komai ba. Ƙwallon pinpon milimita 40 ce, gram 2.7, in aka maka ta tana iya kai gudun kilomita 100 a awa, wato tsakanin hoto da hoto ta yi tafiyar kusan santimita 90, tebur ɗin gaba ɗaya ma mita 2.74 ne, to lokacin da ta goga bakin tebur wayar ba ta ma gani ba, farin zane kawai zaka gani a hoton. Ko ka sa ralanti, wato bidiyo mai tafiya a hankali, mai hoto 240 a sakan, tana tsallake santimita 11 da wani abu. Shi yasa manyan gasa ke kafa kamara da yawa masu sauri ta kusurwa daban daban, kwamfuta ta haɗa su ta lissafa inda ƙwallon take a sarari, kamara guda bata sanin zurfi.

Sarbis kuwa labari daban ne, nan ƙwallo a hankali take. Jifan santimita 16 hawa da sauka yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na sakan, hoto goma kenan ko a waya mai arha. Kuma ma'auni yana nan gabanka, tsayin raga santimita 15.25 ne, in tashin ƙwallon daga tafin hannu bai ɗan fi tsayin raga ba to bai cika ba. Ba sai ka nemi wata manhaja ba, ka ɗora wayar kan kujera daidai tsayin tebur kar a riƙe ta a hannu, bayan mai sarbis ya zama bango mai duhu don farar ƙwallo ta fito. Matsalar ku ita ce haske, in magariba ta kawo jiki hoto zai dishe.

Baba Mai Raket ya amsa:

Yaron nan ya yi bayani, Allah shi yi albarka. Ni dai abin da nake tsoro ku maida wasa kallon waya, wasan maki 11 ne, in kowane maki sai an tsaya an leƙa bidiyo hannu zai huce. Maganar bakin tebur kunne ya fi ido, in ta goga sama ƙarar daban ce kuma ƙwallon na canza hanya, in gefe ta buga ƙasa take nufa. Kuma a pinpon wanda ke kusa shi ke faɗin gaskiya da bakinshi ko da shi zai rasa makin, wanda ya ci da bakin tebur ya ɗaga hannu ya ba da haƙuri, ku koya wa ƙananan wannan tun yanzu. Ku samo arbit daga unguwar da bata cikin wasan.

Na Zariya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Baba. To haka za mu yi, waya ta tsaya kan sarbis kaɗai, kowane ɗan wasa yana da damar neman a duba sau biyu a wasa, bakin tebur kuma maganar arbit ce ta ƙarshe. Za mu fara tun ƙarfe huɗu saboda haske. Ɗalibi in kana da sarari ranar Asabar ka leƙo ka nuna mana inda za a kafa wayar, don bangon bayan teburin namu fari ne.