Zan je haƙar kufai a Maroko, Inna ta ce tonon kabari ne

Ɗan Garin Malam: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina karatun tarihi a Maroko, yanzu na zo hutu gida Damagaram. Malaminmu ya sa sunana cikin waɗanda za su yi aikin haƙa a Walili, tsohon birnin Rumawa da ke kusa da Meknes, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1997. To tun da na faɗa a gida Inna ta ɗaure fuska, wai tonon kabarin mutane zan je. Ƙanena kuma rabonsa yake jira, a zatonsa irin zinariyar Jado ta arewacin Nijar ce. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini yadda aikin yake da abin da zan riƙa.

Yayar Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na yi a Birnin Lafiya, arewacin Benin kusa da kogin Kwara, lokacin ina ɗaliba. Ka cire zancen dukiya a ranka. Ana ja maka murabba'i da zare da ƙusoshi, ka durƙusa da ɗan cokalin magina kana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan tun hantsi bai yi ba. Duk bokitin da ya cika sai an tace shi a rariya. Abin da ke fita yawanci tsingaro ne, sai ƙashin dabba da gawayi. Gawayin nan kuwa shi ne sarki, don da shi ake gwajin da ke nuna shekarun wuri, shi ya sa ba a kama shi da hannu a jefa aljihu, ƙunshe shi ake a rubuta zurfin da aka same shi.

Abin da ya fi ba ni wuya rubutun ne. Kowace leda da lambarta, kowane canjin launin ƙasa sai an auna an zana an ɗauki hoto kafin a ci gaba, saboda abin da ka haƙe ba ya komawa. Da la'asar kuma ga wankin tsingaro da buroshin haƙori. Amma ranar da daɓen tsingaro ya bayyana, an jera gutsattsarin tukwane ɗaya bayan ɗaya an yi tsakar ɗaki da su, wallahi na manta da ciwon gwiwa. Ka riƙi malafa, rufaffen takalmi, da abin da za ka sa ƙarƙashin gwiwa. Ka yi allurar tetanus kafin ka tashi.

Malamin Birni: Yaro, kada ka yi wa mahaifiyarka gardama. Ka tambayi malaminka sarai ko sashenku gidaje ne ko maƙabarta, sannan ka zo mata da amsa. Walili dai ba ta Rumawa kaɗai ba ce, nan Idrisu na ɗaya, wanda ya kafa daular Idrisawa a Maroko, ya sauka wajen shekarar 788 miladiyya, kabarinsa na garin Mulay Idris kusa da wurin. Musulmi sun zauna a nan, tambayarta tana kan hanya.

Ɗan Matamaye: Kun tafi Maroko, ga Kufan Kanawa nan jiharmu ta Damagaram da ragowar ganuwarsa, inda ake cewa daga can Kanawa suka tashi. Anne Haour, masaniyar binciken kufai, ta yi haƙa a wurin, ita ce kuma ta jagoranci aikin Birnin Lafiya. Kafin hutunka ya ƙare ka je ka gani.

Ɗan Garin Malam: Na gode ƙwarai. Yaya, takalmin can zan saya ko a kasuwar Dole ta nan Damagaram?