Haƙori ya fita, ko fuska ta kumbura: me kuka yi kafin ku isa wurin likita?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana mai shekara 10 ya faɗo daga keke, haƙorin gaba ya fita ɗungurungum har da saiwarsa. Allah ya sa maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce. Ta hana ni goge shi, ta ce a riƙe shi ta kan da ake tauna da shi, kada hannu ya taɓa saiwar. Ta ɗauraye shi da madara, ta mayar da shi cikin raminsa, ta sa yaron ya ciji hankici muka nufi asibiti. Likita ya ɗaure shi da siririyar waya jikin na kusa da shi, bayan mako biyu aka kwance. Har yau yana nan daram. Wa ya taɓa gamuwa da irin haka?

Malamin Wasanni: Wa alaikumus salam Hajiya, kin yi dace da maƙwabciya. Wani ɗalibina gwiwar hannu ce ta same shi a baki a filin ƙwallo, haƙorinsa ya fita. Abokansa suka naɗe haƙorin a takarda, ya bushe ƙayau kafin su iso. Likita ya ce a jikin saiwar akwai wasu ƙwayoyin halitta masu rai, su ne ke sa haƙori ya sake kamawa, kuma idan ya wuce minti 60 a bushe yawancinsu sun mutu. Da a madara suka tsoma shi, ko a yawun yaron, da akwai fata. Ruwa zalla ma ba wurin ajiya ba ne, lalata su yake yi. Tun lokacin ba wanda ke shiga fili a wurina sai da robar kare haƙori a bakinsa, ko da kuwa zai yi ta ƙorafin ta hana shi magana.

Anti Ladidi: A dai lura, wannan na haƙorin dindindin ne. Jikata ba ta kai famfara ba lokacin da nata ya fita, likita ya ce ba a mayar da na yarinta, don yana iya lahanta wanda ke tahowa a ƙarƙashinsa.

Direban Dare: Ni na yayana zan ba ku, kuma ya fi ba ni tsoro. Haƙorinsa na turmi ya yi kogo, yana ta ɗora asfirin a kai, dasashin ya ƙone ya yi fari. Can sai ciwon ya ɗauke, ya ce ya warke. Ashe jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a ƙasa. Kumburi ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi, ga zazzaɓi, haɗiyar yawu ma ta gagare shi. Cikin daren muka kai shi sashen gaggawa, aka tsaga aka fitar da mugunyar, aka cire haƙorin. Sun ce da an ƙara jinkiri numfashinsa zai iya toshewa. Masu shan maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai suna jiran waraka, ku sani ciwon lafawa kawai yake yi.

Maman Biyu: Subhanallahi! Allah ya ƙara masa lafiya, Malam. Da aka cire, jinin bai ba ku wahala ba?

Direban Dare: Amin Hajiya. Ya ɗan zuba. Bandeji mai tsabta suka sa ya cije na kusan minti 30, suka hana shi kurkure baki da tofar da yawu a ranar don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. Washegari ya fara kurkurewa da ruwan ɗumi da gishiri a hankali. Haƙura da taba ne ya fi ba shi wuya.