"Saɓa ba ta sauya hali": wa ya taɓa jin wannan?

Ƙaramin Gida: Jama'a salamu alaikum. Jiya yayata da mijinta suka yi cacar baki, ya rantse ya daina yawon dare, ita kuma ta ce masa "saɓa ba ta sauya hali". Karin magana ce ta asali ko ita ta ƙera kayarta?

Baffa: Wa alaikumus salam ɗana. Ƙanwar "hali zanen dutse" ce. Maciji ya tuɓe riga, dafin yana nan.

Ɗalibar Kimiyya: Baffa a gafarce ni, a kan maciji ta zauna, amma a kan ƙwari ta karye. Tsutsa ma saɓa take yi, kuma a saɓar ƙarshe take fitowa malam-buɗe-littafi. Sinadarin da ke tayar da saɓa ɗaya ne, ekdison, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo a sake shi. Abin da ke raba gardama shi ne wani na biyu, sinadarin ƙuruciya. In yana da yawa a jini, ta saɓe ta fito tsutsa, sai dai ta ƙara girma. Ran da ya ja baya, ranar halitta ke juyewa.

Baffa: To 'yata, ke nan mijin yayarsa sinadarin ƙuruciya ne ya yi masa yawa.

Mai Shiru: Ku bar kimiyya ku ji ta kakata, Allah ya jiƙanta. Wata rana da daddare ta ɗaga tabarma ta ga farin kyankyaso, fari fat. Ta ce kada wanda ya taɓa shi, wannan sarkinsu ne. Ta kife shi da ƙwarya, ta ɗora dutse, ta ce da safe za ta nuna wa kishiyarta don kada a ce ƙarya take. Gari ya waye aka taru, ta ɗaga ƙwarya, sai ga kyankyaso ja irin na kullum yana kaɗa gashin baki. Wallahi mu jikoki muka sha tuhuma. Ta ce ɗayanmu ne ya sace sarki ya musanya da talaka. Ƙanena har kuka ya yi. Har ta bar duniya ba ta janye ba, kishiyar kuwa ta samu abin tsokana na shekaru.

Ɗalibar Kimiyya: Allah ya jiƙan Kaka, ku wanke ƙanenku. Sabon saɓa ne. Sabuwar fatar fara ce kuma da laushi, cikin 'yan sa'o'i wani sinadari mai suna bursikon ke sa ta yi tauri ta yi duhu. Kuma in ya yi fiffike ya gama saɓa ke nan.

Direba: Farin kyankyaso! Na san su. Ana gab da zaɓe suke fitowa fes, ga laushi ga gaisuwa. Kife su da ƙuri'a ka ɗaga da safe.

Mai Shiru: Wani ma ya saɓe jam'iyya huɗu, har yau bai yi fiffike ba.

Baffa: Ku dai ba a kama suna.

Ɗalibar Kimiyya: Wahalar da aka sha kafin a san wannan ma abin ji ce. A 1954 masana kimiyya Butenandt da Karlson a Jamus suka tace kilo 500 na tsutsar siliki da ta shiga kwanci, abin da suka samu na ekdison miligiram 25 ne kacal. Ƙaguwa kuma sinadarin da ke taka wa saɓarta birki a sandar idonta yake, in aka cire sai ta yi ta saɓa kafin lokaci.

Direba: Kilo 500 a samu miligiram 25? Wannan ai kwangila ce.

Ƙaramin Gida: To ni yanzu me zan ce wa yayata? Ta yi gaskiya ko ta zalunce shi?

Baffa: Ya dawo gida da wuri jiya?

Ƙaramin Gida: Ƙarfe ɗaya saura.

Mai Shiru: A nemo ƙwarya.