Da me zan ɗumama akwatin mesata ba tare da ta ƙone ba?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kiwon ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiya idan ta tsorata. Akwatinta na gilashi ne, samansa raga. Da dare zafin ciki yakan sauka zuwa digiri 22, ga shi ta daina kula abinci. Wani ya ce in sayi dutsen nan mai ɗumi da ake jonawa a wuta ta riƙa kwanciya a kai, wani kuma ya ce jan kwan fitila. Wanne ya fi, wanda kuma ba zai sha wuta da yawa ba?

Mai_Kiwo: Wa alaikumus salam. Don Allah ɗan'uwa, rabu da dutsen nan. Maciji ba ya janye jiki daga zafi kamar mu, sai ya lafe a kai har ya ƙone. Na taɓa ganin wadda aka yi wa haka, farar fatar cikinta ta koma ja, ɓawon ya tattare yana tsattsafo da ruwa. Sai da ta yi saɓa sau da dama kafin wurin ya warke.

Gefe ɗaya kawai za ka ɗumama, ya kai 31 zuwa 32, ɗaya gefen ya tsaya 24 zuwa 27. Sa mata maɓoya a kowane gefe, ita za ta zaɓi inda take so. Sanyi ne ke hana ta narkar da abinci, shi ya sa take ƙin ci. In ma ta ci tana iya amayarwa.

Ko shimfiɗar lantarki mai ɗumama akwati ka saya ko kwan tangaran mai ba da zafi, kada ka jona shi sai ta tamostat, na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda ka saita. Shimfiɗar ta rufe kashi ɗaya cikin uku na ƙasan akwatin, ta waje.

Yar_Mesa: Malam ya gama magana. Jan kwan ma bar shi, tana buƙatar duhu da dare. Kwan tangaran zafi yake bayarwa ba haske, amma yana busar da iska, sai ka kula danshi ya tsaya kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, in ba haka ba saɓarta za ta riƙa fita guntu-guntu. Ka kuma kewaye kwan da raga, don macizai suna hawa.

Sabon_Shiga: Allah ya saka da alheri. Batun shan wuta fa?

Mai_Kiwo: Ta ragar saman nan zafinka ke guduwa, gilashi kuma ba ya riƙe ɗumi. Rufe mafi yawan ragar, ka bar wurin shan iska nesa da kwan, sannan ka manna soso a bango uku ta waje. Kwan wat 100 da ke aiki dare da rana yana cin yunit 2.4 a cikin awa 24. In akwatin ya riƙe zafi, tamostat zai riƙa kashe shi. Ka auna zafin a daidai inda take kwanciya. Idan kuma ka ji tana numfashi da ƙara ko ka ga majina a bakinta, kai ta wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.